Shafukan da Na Tsallake a Littafin Jirgi

Babana,

Assalamu alaikum. Ina roƙon Allah takardar nan ta same ka lafiya, ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin abokin tafiya, ya sauke ka Lome cikin aminci. Na cusa ta ƙarƙashin dabinon da innarka ta ƙulla maka, don na san ba za ka kai hannu can ba sai kun wuce Agadas yunwa ta fara taɓa ka. Haka nake so. Abin da ke cikinta ba zan iya faɗa ina kallon idonka ba, ga shi kuwa sunan mahaifina kake ɗauke da shi.

Ka tuna ranar da ka shigo da murna ka ce an ɗauke ka aikin jirgin ruwa? Na yi maka barka har da addu'a. Da ka ƙara da cewa a ɗakin inji aka sa ka, can ƙasan jirgi inda ba a ganin rana, kofin shayi ya kuɓuce mini. Na ce maka zafi ne ya ƙona ni. Ƙarya na yi, tsoro ne. Tun ranar ban samu sukuni ba, domin na san abin da ke samun mutumin da ke ƙasa, kuma na san shi ne ta hanyar da ba na yi wa ko maƙiyina fata.

Maganar a kan littafin nan ce, wanda kake kira Littafin Jirgi, mai yagaggen bango, wanda na riƙa karanta maka kana yaro har teku ta shiga ranka alhali ko kogi ba ka taɓa gani ba. Kai ma ka sha tambayata me ya sa takardunsa kullum da danshi, a garin da in ka shanya riga kafin ka juya ta bushe. Zan gaya maka, amma ka bi ni a hankali.

A kasuwa na tsince shi, cikin tarin takardun da mai tsire ke naɗe nama. Da Faransanci yake, bangon ya yage, ba sunan marubuci. Lokacin ina shef, wato shugaban aiki, na mutum tara a ramin haƙar ma'adinai, kuma ni kaɗai na yi lakwal, karatun boko, mai ɗan nisa. Kullum da safe kar, babbar motar ma'aikata, na kwashe mu zuwa bakin rami, tafiyar kusan rabin awa. Sai na fara karanta musu, idona a kan Faransanci, bakina na zuba Hausa. Labarin ka san shi: jirgin kaya, matashin kapitan mai zafin nama, 'yan fashin teku na bin su, guguwa a gaba, wuta a baya, babi bai ƙarewa sai an bar wani a rataye da igiya. Wallahi har direba yakan rage gudu don kada mu isa ban kai ƙarshen babi ba. Mutanen da ruwan da suka sani bai wuce na bido, wato jarka, ba, ga su suna gardama a kan yadda ake juya jirgi a cikin hadari.

To a cikin littafin akwai wani tsoho mai kula da famfo a ƙasan jirgin. Duk bayan babi biyu ko uku sai marubucin ya bar faɗan da ake yi a sama ya sauka wurinsa, shafi ɗaya ko biyu: tsoho na sauraren ƙarar famfo, yana auna ruwan da ya shigo, yana aika wa kapitan cewa ƙarfen gindin jirgi ya fara gumi. Ba harbi, ba ihu. Ran da na fara karanta wurin, Dogo, wani ɗan Tawa mai baki kamar reza, ya buga kujera ya ce, "Kai Habu, wuce wanga tsoho! Mi za mu yi da hwamfo? Can muka nuhwa, can muka hito. Kai mu wurin hwaɗa!" Mota ta ɗauki dariya. Sani ɗan Maraɗi ya ce ai marubucin barci ne ke ɗibarsa a irin waɗannan wurare. Ni kuwa daɗin tafi ya riga ya shiga kaina. Daga ranar, da idona ya hango kalmar famfo sai in lashi yatsa in juya shafi. Ko ni kaina ban karanta su a zuci ba.

Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma ya yi kama da ƙarami. Babana, duk abin da aka ba ka ka isar, ka isar da shi duka, ko masu sauraro za su yi hamma. A jirgi za a ba ka takardun inji masu gundura, za ka ga manyanka suna sa hannu ba su duba ba. Kai ka duba. Wurin da kowa ke tsallakewa, ka tsaya a kansa ka ga me ya sa aka rubuta shi.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba a ranar. Agali sunansa, Ba'abzine, siriri, mai magana ƙasa-ƙasa, shi ne mai famfonmu. Kai da ba ka taɓa sauka rami ba, bari in bayyana maka. A sama Arlit ƙeƙasasshiya ce, amma a ƙasa ruwa ne ke tsatsowa daga dutse dare da rana. In famfo ya tsaya, rami ya cika. Ɗakin famfon yana wani lungu da ya gangara ƙasa da inda muke haƙa, taku arba'in daga babbar hanya, kuma ƙarar injin ba ta barin mai ciki ya ji ko da harbin bindiga. Saboda haka akwai ƙa'ida: in wani abu ya faru, shef ne da kansa zai gangara ya dafa kafaɗar mai famfo. Ba aike, ba ihu daga nesa.

Agali yakan ce mini a mota, da Hausarsa da ba ta raba mace da namiji, "Shef, karanta wurin tsohon nan, ina so in ji me ya ce." Sai a yi masa caa. Dogo ya laƙaba masa suna Tsohon Jirgi, ni kuma maimakon in tsawatar, ni na fi kowa kiransa da shi. Wata rana ya ɓanɓaro wani abu daga jikin dutse ya ɗora mini a tafin hannu, sai ga shi kamar ƙwaryar dodon koɗi, amma dutse ne. Ya ce, "Ka gani? Teku ya zauna nan da. Bai tafi ba, ƙasa ya shiga." Na ce masa to ya shirya kwalekwale. Aka yi ta dariya, shi kuwa ya karɓi abinsa ya sa a aljihu.

Da muka kai ƙarshen littafin, jirgi ya fara nutsewa, kapitan ya loda mutanensa a ƙananan jirage, suka ga gaɓa, suka yi ta murna. Akwai sauran shafi ɗaya da rabi. Na leƙa, na ga tsohon nan ne kuma, sai na rufe na ce, "Ƙarshe ke nan." Aka yi tafi. A bayan littafin akwai fararen shafuka, sai muka ce kowa ya bar ra'ayinsa a wurin. Wanda ya iya ya rubuta, wanda bai iya ba ya faɗa na rubuta masa. Dogo ya ce a sa masa cewa kapitan namijin duniya ne, da zai zo Arlit da ya ba shi ƙanwarsa. Sani ya ce littafin ya yi, in ban da wuraren barci. Wani ya ce shi dai ya gode Allah da aka haife shi a tudu. Sai aka zo kan Agali. Ya roƙi aron littafin, ya ce 'yar ƙanensa da ke kwalej za ta karanta masa abin da na tsallake. Mako guda yana hannunsa, yana sauka da shi ɗakin famfo a cikin riga. Da ya dawo mini da shi ya sha danshi, kuma a ƙasan namu rubutun ya yi nasa da baƙaƙen Abzinawa, 'yan da'irori da ɗige-ɗige da ban iya karantawa ba. Na ce, "Tsohon Jirgi, me ka zana mana?" Ya dube ni ya ce, "Ra'ayina ne, Shef."

Kuskurena na biyu ke nan: na taya jama'a wulaƙanta mutumin da ya fi mu kunne. A jirginku za ka tarar da irinsa, ko wane jirgi yana da shi, mai yawan cewa ƙarar nan ta canza, wurin nan na ɗiga. Za ka ji ana yi masa ba'a. Kada ka sa bakinka. Ka zauna kusa da shi in ana cin abinci, ka tambaye shi me ya ji.

Bai fi kwana goma ba bayan haka, da hantsi, Agali ya bar famfonsa ya hauro ya same ni inda muke huda dutse. Bai saba yin haka ba. Ya ce ruwan da ke zuwa masa ya canza launi, kuma ya yi sanyi fiye da kullum. Ya ce, "Ruwa ba ya tsami banza, Shef. A dakata a kira masu awo." Ramuka uku suka rage mu huda a jikin dutsen mu gama aikin ranar. Na dubi mutanena, na ga Dogo yana murmushi yana jira ya ji me zan ce. Babana, a wannan lokacin ni kapitan nake ji a raina. Na ce, "Koma bakin famfonka, Tsohon Jirgi, in jirgi zai nutse zan zo in gaya maka." Da bakina na faɗa. Ya ce to, ya juya, ina kallon fitilar kaskensa, hular kwanon da ke kansa, har ta shige lungu.

A rami na biyu dutse ya buɗe. Ban san yadda zan kwatanta maka ba. Da farko iska ce mai sanyi ta bugo mu, sannan ruwa ya fito baƙi ƙirin, kafin mu ajiye kayan aiki ya kai gwiwa. Na yi ihu a gudu, muka gudu. Hanyar fita ta bi ta bakin lungun famfo. Na iso wurin, na tsaya. Na tsaya, Allah shaida ne. Ina jin injin na bugawa a ƙasa, ina ganin ɗan hasken fitilarsa a jikin bango, ruwa kuma ya fara gangara masa. Taku arba'in zuwa, arba'in dawowa. Na tuna kai kana rarrafe, na tuna innarka. Ƙafata ta zaɓar mini, na bi bayan sauran.

Da muka fito aka ƙirga, mutum ɗaya babu. Duk idanu suka dawo kaina. Sai na ji bakina yana cewa, "Na sauka, na dafa shi, ya ƙi fitowa. Ya ce zai riƙe famfo har mu tsira." Ka ga yadda sabo yake? Na saba ba mutane labarin da suke so, na yanke wurin da ba daɗi. Kuma sun so shi ƙwarai. Dogo ya fashe da kuka yana cewa ashe jarumin na cikinmu muna yi masa dariya. Labarin ya zaga gari, har a wurin zaman makoki ana maimaita shi, ana ƙara masa gishiri. Kai ma shi ka taso kana ji.

Kwana huɗu aka yi ana janye ruwa kafin a kai gare shi. Ina cikin waɗanda suka sauka. Ba a kan famfo muka same shi ba. Ya hau kan wani tudun siminti a ƙuryar ɗakin, ya zauna ya jingina da bango, fuskarsa na kallon ƙofa.

A makon ne na ɗauko littafin na karanta duk wuraren da na tsallake, ni kaɗai, da rana tsaka a bayan ɗaki. Shafin ƙarshe ga abin da ke ciki. Tsoho na ƙasa yana ta aikinsa. Ya lura saman jirgi ya yi tsit, ba gudu, ba harbi. Sai ya ce a ransa, to an ci nasara ke nan, yanzu wani zai sauko ya gaya mini. Ya gyara hularsa, ya ci gaba da jira. Nan marubucin ya ajiye alƙalami. Wato duk gudun da littafin ke yi, wurin nan yake nufa, mu kuwa muka yi tafi tun ba mu iso ba. Agali shi kaɗai a cikinmu ya san ƙarshen, kuma da saninsa ya koma lungun nan da na ce ya koma.

Na so in ƙona littafin, hannuna ya ƙi. Na shanya shi a kan rufin kwano cikin zafin bazara, kwana uku, na sauko da shi yana nan da sanyinsa. Innarka ta ce gishirin ruwan rami ne ya kama takardar. Wataƙila haka ne. Na jefa shi ƙasan akwati, kai kuma da ka yi wayo ka tono shi, ka nace sai na karanta maka. Nan na yi kuskure na uku, wanda ya fi ci mini rai yanzu: na karanta maka shi yadda na karanta a mota. Na ba ka kapitan da guguwa da gaɓar teku, na ɓoye maka tsoho. Kana tsalle a kan tabarma kana cewa kai ma jirgi za ka hau in ka girma, ina jin ka, na yi shiru. Da ka iya Faransanci sai na ce littafin ya ɓata. Yana nan, yanzu haka yana gabana.

Tun da aka rufe raminmu aka kashe famfuna, an ce ruwa ya cike hanyoyin ƙasa gaba ɗaya. Unguwar ma'aikata ka ga yadda ta koma, gidaje ba ƙofofi, awaki na kwana a falo. Cikin mu goma da ke hawa motar nan, ni da Sani muka rage, shi ma ba ya gane mutane. Wani lokaci da azahar nakan hau kabu-kabu in je kusa da shingen ramin in tsaya. Ba kowa, ba tsuntsu, ba inuwa. In na daɗe a tsaye sai in ji wani bugu yana shigowa ta tafin ƙafata, a hankali, bai sauri bai tsayawa. Likita ya ce hawan jini ne, jijiyata nake ji. Na karɓi maganinsa ina sha. Amma na yi shekaru ina jin famfon nan, na san tafiyarsa.

Bayan ka kawo labarin aikinka, sai na kasa haƙuri da rubutun Agali. Shekara ashirin da wani abu yana bayan littafin ban nemi a karanta mini ba, don ina tsoro. Na kai wa wata tsohuwa Ba'abzina mai sayar da cuku a kasuwa. Ta bi shi da yatsa, ta sake bi, ta ɗago ta ce, "Mai rubutun nan yana da rai?" Na ce a'a. Ta ce ga abin da ya ce: "Na ji duka. Labarin ya yi daɗi. Tsoho bai yi kuskure ba, aikinsa ya yi. Wanda ya kamata ya sauka ya kira shi, shi nake so in san sunansa." Ta miƙo mini littafin tana goge yatsunta a zane, ta ce me ya jiƙa shi haka. Ban ma san yadda na iso gida ba.

Yanzu ka saurare ni da kyau, in kunne ya ji jiki ya tsira. Ranar da ka fara sauka ɗakin inji, kafin ka taɓa ko da ƙusa, ka tambaya: in wani abu ya faru a sama, wa zai sanar da na ƙasa? Za su nuna maka ƙararrawa da fitila. Ka ce ka gani, amma mutum kake tambaya. Ka san sunansa, ka san fuskarsa, ka sa ya san naka, ya san kana da uwa a Arlit. Ka ƙirga taku nawa ne daga inda kake tsayawa zuwa tsani, ka bi shi ido a rufe har ƙafarka ta haddace. In kana ƙasa ka ji sama ta yi shirun da ba ka saba ji ba, kada ka ce wani zai zo. Ka hau ka duba da idonka, ko za a yi maka faɗa, ko za a kore ka. Kora ba komai ba ce, ka dawo gida mu sha fura. In kuma Allah ya ɗaukaka ka wata rana ka zama kai ne na sama, to ka san mutum nawa ke ƙarƙashin ƙafarka kafin ka san hanyar fita. Ni na gwada ɗaya hanyar. Na tsira da raina, na ga girmanka, ba zan ce ban ji daɗin haka ba. Amma ban sake zama ni kaɗai a ɗaki ba tare da na ji kamar ana jirana ba.

Shekaranjiya, kana can kana sallama da abokanka, na tafi gefen gari wurin matar Agali. Ta tsufa, idonta ya yi rauni, amma ta gane muryata. Aka shimfiɗa mini tabarma. Na faɗa mata komai, tun daga bakin lungu har ƙaryar da na yi a sama. Na zaci za ta yi kuka ko ta tsine mini. Tana ta juya shayinta har na gama, sannan ta ce, "Na sani." Na ce wa ya gaya miki? Ta ce, "Ba kowa. Mijina bai taɓa ƙin kira ba. Ko akuya ya yi kuka sai ya tashi ya duba. Ranar da ka ce ya ƙi fitowa, na san ba ka je ba. Ina jira ne in ga yaushe za ka zo." Na ce ta yafe mini. Ta ce nata ta bari tuntuni, sauran ba a hannunta yake ba.

Da na tashi tafiya ta ce ta ji an ce ɗana zai tafi teku. Na ce haka ne. Ta ce, "A ina aka sa shi cikin jirgin?" Babana, na so in yi ƙarya, har ta zo bakina. Na ce, "A ƙasa." Ta kafa mini idanu kamar tana gani sarai. Sannan ta ɗaga hannu biyu ta ce, "Allah ya sa a kira shi."

Na ce amin. Ita nake maimaita maka bayan kowace salla tun ranar, kuma ita zan ci gaba da yi har ka dawo. In ka gama karanta wannan ka ji ba ka son jin muryata na ɗan lokaci, ba zan ga laifinka ba, amma ka riƙa kiran innarka, ita ba ta san komai ba sai jiya. Allah ya tsare ka a tudu, ya tsare ka a ruwa, ya haɗa ka da mutanen da suka fi ubanka zuciya. Kada alhakin da ke kaina ya taɓa ko da gashin kanka. Allah ya sa a kira ka, Babana.

Mahaifinka,
Habu